Hannun Mai Gawayi da Firmin Lacaze Ya Tono

Ranar Asabar, 9 ga Nuwamba, 1878, da hantsi, Allah ya karɓi ran Firmin Lacaze, mai zane, a gidansa da ke Clamecy, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ni Évariste, ɗan Gaspard mai gawayi, ba ni ne na fi cancanta in yi maganarsa ba, amma ni na fi kowa yi masa laifi, don haka ba zan yi shiru ba.

Kawu Firmin, lokacin da sa'o'inka suke can Paris suna zana sarakunan da suka shuɗe da mata masu fukafukai, kai ka saɓa jakarka ka shigo dajin Morvan wurinmu. Mako uku ka yi cikin hayaƙi, kana raba burodinka da cuku da masu ƙona itace. Da Babana ya ji shi za ka zana, cewa ya yi, "Ɗan birni, fentinka ne ya yi maka yawa? Bari in je in wanke fuska." Ka ce, "In ka wanke, na fasa."

Haka ka zana shi, tsayinsa guda, da ƙusumbin da dakon buhu ya yi masa, da tabon wuta a kumatu, da takalmin katako da ya tsage. Masu sharhi a jarida suka ce hoton warin gumi yake yi. Ka yanke shafin ka liƙa a ƙofarka, kana nuna wa baƙi kamar lambar yabo. Ba a saya ba, kai ma ba ka yi talla ba. Ranar aurena ka kawo mini shi kyauta a kan amalanke.

A nan na yi abin kunyata. Na zama akawun lauya, na auri 'yar masu kanti, ina jin kaina ya taɓo sama. Surukaina za su zo su ga ubana a bango baƙi ƙirin? Na ɗauki hoton na kai wa wani mai zana fuskokin attajirai, na ce ya gyara. Ya kuwa gyara. Ya sa masa baƙar kwat da farar safar hannu, ya miƙar da bayan, ya shafe tabon, ya cika kumatun. Da Baba ya zo ya gani, ya daɗe a tsaye, sannan ya cire hula ya ce, "Wane babban mutum ne wannan? Ka gaishe mini da shi." Bai sake shiga ɗakin da na rataye hoton ba har ya bar duniya.

Labari ya je maka, na sani. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Ni ne na yi shekara ashirin ina sauya hanya in na hango ka a kasuwa, kai kuma kana ɗaga mini hannu daga nesa.

Shekara tara da rasuwar Baba na wayi gari na kasa tuno fuskarsa. In na rufe ido, mai kwat ɗin nan nake gani. Hankalina ya tashi, wallahi, don ba mu da wani hotonsa a duniya sai wanda na binne da kaina a ƙarƙashin fenti. Na ajiye girman kai a watan Yulin bana na kai maka hoton. Ka duba, ka sosa gefe da farce, ka ce, "Yana nan a ƙasa, ɗan Gaspard. Fentina mai kauri ne. Amma sai a hankali, ni kaɗai na san inda fentin wancan mai gyaran ya ƙare nawa ya fara." Ban ji kalmar zargi ko ɗaya ba. Miya ma ka sa aka zubo mini.

Tsufa ya kama ka, idonka ya yi rauni, duk da haka kullum da safe kana zaune da 'yar wuƙa da auduga, kana ɗaye wurin da bai fi farce ba. Na roƙe ka ka fara da fuska. Ka ce a'a, fuska sai ƙarshe, sai hannunka ya sake sabawa, don in ka yi kuskure a can babu gyara. Da na zo tun ina da shekara talatin, da lokaci ya ishe ka. Wannan nadamar ni zan kwana da ita, ba kai ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu Firmin, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa talakawan da babu mai ɗaga ido ya dube su. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Honorine, matarka ta shekara arba'in da huɗu, da 'yarka Zélie da jikokinka. Allah ya ba su haƙurin rashi.

Bayan an fito daga coci Zélie ta tambaye ni ko a nemo wani ya ƙarasa aikin. Na ce a bar shi. Na maido shi gida na rataye a ɗakin baƙi, inda kowa zai gani: fuskar wani attajiri da ban sani ba, da hannun dama na ubana, baƙi, duk faso, ya fito daga hannun kwat. Iyakar abin da ka samu ka maido mini ke nan. Na gode.