Iliyasu Mai Magani da Garin Kuseri

A zamanin Ahidjo, shugaban Kamaru, akwai wani mai teburin magani a babbar kasuwar Garwa, sunansa Iliyasu. Bahaushe ne, gidansa na unguwar Pumpumre, dogo siriri, ba mai yawan magana ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne rashin yarda. In ka ba shi goro sai ya ɓara ya duba cikinsa kafin ya kai baki. In aka ce jirgin ruwa ya iso bakin Binuwai, sai ya taka ya gane wa idonsa. Fulanin layinsu kan ce masa "Jam na?" sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, kamar gaisuwar ma auna ta yake yi.

Wata shekara wani falke daga Kuseri, Mahamat, ya kawo masa wasu gwangwanaye masu rubutun Faransanci. Farin gari ne a ciki. Ya ce ana kaɗa shi a ruwa a sha bayan cin abinci, yana narkar da tuwo, yana hana kumburin ciki. Iliyasu ya shinshina, ya lasa, ya ajiye Mahamat da zance har sai da ya gwada garin a cikinsa na 'yan kwanaki. Da ya ji sakayau, ya ɗauki kaya masu yawa ya jibge a rumfarsa ƙarƙashin kwano. Tsofaffi suka yi ta saye, har bazara ta wuce, damina ta kankama.

Rannan da hantsi sai ga Malam Abdurrahman, tsohon malamin allo, wanda duk garin shi kaɗai ne Iliyasu ba ya yi wa musu.

"Iliyasu, garin nan naka ya daina ji. Da in na sha sai ciki ya sauka. Yanzu kamar alli nake sha."

"Allah ya gafarta Malam, ko dai an canza maka tuwo?"

"Tuwon da nake ci tun kafin a haife ka ne."

Zuciyar Iliyasu dai ta riga ta yanke hukunci: Mahamat ya sa mai kyau a sama, ya cika na ƙasa da garin rogo. Kafin azahar ya faɗa wa maƙwabcinsa na rumfa, kafin la'asar rabin kasuwa ta ji.

A asibiti akwai wata ma'aikaciyar labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, Agnès, 'yar kudu, wadda ta taɓa auna jinin matarsa Hawa'u. Tana jin Hausa sama-sama, in ta ƙare mata ta cika da Fillanci. Iliyasu ya same ta ya kwashe zance ya faɗa mata. Ta ce ya kawo gwangwani daga rumfarsa, ya kuma samo sabon zuwa don a kwatanta. Ya je wurin Hamadu, wani mai magani da Mahamat bai daɗe da sauke wa kaya ba, ya karɓi guda, ya riƙo su a hannunsa har labo.

Agnès ta dama sitaci ruwa-ruwa, ta zuba a kwalabe uku. Ta sa garin Iliyasu a ta farko, na Hamadu a ta biyu, ta bar ta uku haka nan. Ta tsoma su a ruwan ɗumi, ta ce ya fita ya sha iska.

"Ina nan, Madam," in ji shi, ya gyara tsayuwa.

Da aka jima ta ɗiga aidin a kowace. Ta ce in sitacin yana nan zai koma shuɗi kamar baba, in garin ya cinye shi launin ba zai kama ba. Kwalbar Hamadu ta tsaya ja-ja. Ta Iliyasu ta rine, ba ta da bambanci da wadda ba a sa wa komai ba.

"Kin musanya su."

Agnès ba ta yi fushi ba. Ta wanke kwalaben ta miƙa masa cokali. Ya sake komai da hannunsa, yana kallonta ta gefen ido. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa.

"To, ya ba Hamadu mai kyau, ni ya ba ni gurɓatacce."

Ta zazzage garinsa a faranti. Ya dunƙule, ya yi ƙulalai. Ta tambaye shi inda yake ajiya, ya faɗa mata.

"Baba Iliyasu, zafi da laima ne suka kashe shi."

"Gari yana da rai ne da zai mutu?"

"Irin gyaɗa fa? In ka ajiye shi a wuri mara kyau, ido zai ga gyaɗa, amma ba ta tsira."

Bai gamsu ba. Yana tafiya gida yana tunanin ko Mahamat ya riga shi zuwa wurin matar nan. Sai ya raba garin Hamadu biyu: rabi ya kai rumfa, rabi ya toshe a kwalba ya sa cikin tulun ƙasa a ɗakin Hawa'u, ya hana kowa taɓawa. Bai gaya wa Agnès ba. Da kaka ta yi ya kai mata su a ƙulle, bai ce ga na ina ba ga na ina ba. Na tulu ya cinye sitacin. Na rumfa ko gezau.

Ya tattara sauran gwangwanayen ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Ya je ya faɗa wa Malam Abdurrahman yadda aka yi. Malam ya ce, "To, mutumin da ka ɓata wa suna fa?"

Ba a daɗe ba Mahamat ya iso Garwa. Bai shiga rumfar Iliyasu ba, a bakinta ya tsaya.

"Malam Iliyasu, tun daga Marwa na ji abin da ka faɗa a kaina."

"Madam ta labo ta ce zafi ne."

"Kai kuma me ka ce?"

Iliyasu ya daɗe yana gyara kwalayen da ke gabansa. "Na ce ban kama ka da komai ba."

Mahamat ya dube shi, ya saɓa jakarsa ya wuce. Daga ranar bai ƙara sauke masa kaya ba. In sun haɗu a masallacin Juma'a sai dai sallama.

Iliyasu ya ci gaba da kai wa Agnès duk wani sabon abu da aka kawo kasuwa, wani ta iya aunawa, wani ta ce ba ta da kayan aikinsa, shi kuma ya ɗauka rowa ce. Da aka mayar da ita Yaounde, wanda ya gaje ta ya hana shi shiga labo. Daga nan ya bar sayar da duk abin da ake sha, ya koma sabulu da man zafi da auduga.

Ya tsufa sosai lokacin da labarin rasuwar Mahamat ya iso. Ya hau babbar mota har Kuseri don ta'aziyya. 'Ya'yan mamacin ba su san shi ba, suka shimfiɗa masa tabarma suka kawo shayi, ya yi addu'a ya kwana, gari na wayewa ya kamo hanya. Da ya dawo Hawa'u ta tambaye shi yadda ya baro su. Ya ce hanyar ba kyau, ta ba shi ruwa ya yi wanka.