Wa Ya Goge Sunan Malam Halliru?

Kai mai karanta wanga rubutu, in tambaye ka: in mutum ya gina rijiya da hannunshi, wani ya zo ya shafa mata siminti ya zana sunanshi a baki, rijiyar wa ta zama?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Halliru Atiku na Goronyo, malaminmu na kwamfuta, bayan doguwar jinyar ƙoda. Da na so in yi mashi ta'aziyya mai sanyi irin ta manya. Na gwada, hannuna ya ƙi.

Malam, kai ka rubuta manhajar rabon ruwa da manoman albasa na ƙasan madatsar ruwan Goronyo ke aiki da ita. Kafin ita, wa bai san yadda ake zare ma juna fartanya bakin magudanar ruwa ba? Yanzu saƙo ka shigowa waya da Hausa: "Mode, gobe da hantsi ruwanka ne." Mutum ya kwana da hankalinshi. Har Wurno da Rabah anka ɗauke ta.

Ni ban ƙare sakandare ba. Cajin waya na zo shagonka, ka iske ni ina gardama da jaridar da anka naɗe mani tsire. Ka ce, "Kai Sarkin Musu, takarda ba ta ramawa. Zo ga na'ura, ita tana ramawa." Ka tura mani tsohuwar kwamfutar da rabin haruffanta sunka goge. Haka ka yi ma Khairiyya ta Wurno, haka ka yi ma duk wanda ya tsaya ƙofarka ya daɗe.

Don wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Masu rubuta manhaja suna da rumbu, inda kowane gyara ke zaune da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi. In za a kai gyara daga wani rumbu zuwa wani mai tsari daban, ana naɗe shi cikin abin da muke ce ma faci, kamar na taya. Wurin sauya ma fayil suna ake gane mai hankali. Facin mai kula cewa yake: wanga fayil shi ne wancan, suna kaɗai ya sauya. Facin mai gaggawa cewa yake: an kashe wancan, an haifi sabo. Sabon haihuwa kuwa ba shi da tarihi, sai sunan wanda ya manna facin.

Kan wanga ka fi tsanani, Malam. Kakan ce, "Innarku Kulu ta je Makka ta dawo Hajiya. Kun ji an yi zaman makokin Kulu, an yanka ragon sunan Hajiya?" Mu yi ta dariya, kai ko ka mayar muna da facin mu sake. Na gan ka ka ɓata yini guda don wani ɗan gyara da Khairiyya ta yi, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ya bi fayil zuwa sabon sunanshi. Na ce mi za a yi da wanga ƙanƙanin abu? Ka ce, "Haƙƙinta ne. Haƙƙi ba shi da ƙarami."

To, ga abin da anka yi ma mai wanga hali. Kana kwance asibiti Sakkwato, Abdulganiyu, shugaban ƙungiyarmu ta masu manhaja, ya kwashe aikin zuwa sabon rumbu, wai wasu baƙi da za su tallafa muna, da wani tsari daban suke aiki. Ba laifi. Ya sauya sunayen fayilolin daga Hausa zuwa Turanci, wai don baƙi su gane. Wannan ma na haɗiye. Amma ya dunƙule sauyin suna da gyaran rubutu cikin faci guda, tsirara ba tarihi, ya manna. Yau ka buɗe sabon rumbu ka tambayi kowane layi wa ya rubuta ka, amsa guda ce: Abdulganiyu, rana guda. Aikin shekaru, wai mutum guda ya haife shi tsakanin azahar da la'asar!

Na iske shi na faɗa mashi. Ya ce, "Yaro, tarihi ake ci? Ruwa dai na isa gonaki." Na kai maka maganar har gadon asibiti, ina huci. Ka duba wayar, ka yi murmushi da bushasshen baki, ka ce, "Bar nawa, Mujaheed. A dai mayar ma Khairiyya da nata." Wallahi wagga magana ta fi zagi ƙona ni.

Ba zan bari ba, Malam, ka yafe mani. Ranar uku, Abdulganiyu ya miƙe cikin zaman makoki da babbar riga ya ce, "Marigayi ya taimaka muna ƙwarai." Taimaka! Mai gona ne ke taimakon ɗan kallo? Da mutane sunka watse, Inna Salima, matarka, ta kira ni bakin zaure ta ce, "Ɗana, nuna ma Mashkura inda sunan babanta yake cikin abin nan da ya hana shi zama gida." Na buɗe, na yi sama na yi ƙasa, ɗiyarka na kallon hannuna. Na ce masu waya ba ta da sabis.

Sunanka na nan wuri guda tak, cikin tsohon rumbu. Shi kuma an ce ƙarshen watan nan za a rufe shi, mabuɗin shiga na hannun Abdulganiyu.

Allah ya jiƙan Malam Halliru, ya sanyaya makwancinshi, ya sa kowace gona da ta sha ruwa ba da faɗa ba ta zame mashi sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna Salima da Mashkura da dangi na Goronyo da Gandi haƙurin rashi. Can inda ya tafi, ba a ɓatar da ko ƙwayar zarra ta aikin bawa.

Saura nan duniya. Yaya Abdulganiyu, ban ce ka yi sata ba. Na ce ka yi gaggawa, anka nuna maka, ka ƙi gyarawa, kuma kana karɓar gaisuwar baƙi bisa aikin da ka san ba naka ba ne. Ba ni son kira a waya, ba ni son a aiko mani dattijo ya ce in yi haƙuri. Ni da Khairiyya mun iya sake kwashe aikin yadda marigayi ya koya muna, kowane fayil da asalinshi. Mabuɗi kaɗai muke jira. Ka fito ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, gaban manoma da matar mamaci, ka faɗa da bakinka: za ka ba da shi kafin a rufe rumbun, ko ba ka bayarwa?