Ranar da Abokina Ya Koma Baƙo

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ba Ya manta kowa.

Ina da aboki, mutumin Rijau, mai sayar da hatsi. Allo ɗaya muka yi karatu, hannu ɗaya muka koyi ajami. Da girma ya zo mana, sai muka samu wani dandali a intanet inda ake ɗora hotunan tsofaffin takardu, masu sani su warware wa masu tambaya. Abokina ya fi ni ido. Ko tawada ta cinye rabin kalma, zai fito da ita.

Shigarmu dandalin ba ta hannun wani babban kamfani ba ce. Ƙungiyarmu ta nan Kontagora tana da ɗan shafinta, shi ke shaidar mu. Ka je ƙofar dandalin, shafinmu ya ce kai namu ne, a buɗe maka.

Bayan rasuwarsa da damina ɗaya, masu dandalin suka sanar cewa sun daina karɓar irin wannan shaida. Kowa ya shiga ya ɗaura sunansa da asusun babban kamfani kafin a rufe. Mutane suka yi ta ƙorafi. Wani ya ce ba zai miƙa lambar wayarsa ga wanda bai sani ba. Ni abu ɗaya na tambaya: wanda ya mutu fa, wa zai ɗaura masa? Aka amsa da ladabi cewa mu masu shiga ta wannan hanyar kaɗan ne, kuma kula da tsohuwar ƙofar yana da wahala.

Na hau mota zuwa Rijau wurin matarsa.

"Hajiya, ko ya taɓa gaya miki kalmar sirrinsa?"

Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi. "Haba Malam! Mutumin da kullum ni ke nemo masa hularsa? Ai na ɗauka kai ya ba wa."

Aka rufe ƙofar. Bayanansa suna nan, ba a taɓa ko wasali ba, amma a saman kowanne an rubuta "baƙo". Mu kuwa an koya mana cewa mai karanta ilimi yakan ambaci mai shi, ya roƙa masa gafara. Wa zai ambata yanzu?

Na buɗe sabon asusun da na ƙi buɗewa tun farko, na fara bin rubutunsa ɗaya bayan ɗaya, ina sa sunansa a ƙasa, ina cewa a sa shi a addu'a. Ban kai rabi ba na'urar dandalin ta tsayar da ni, wai ina maimaita saƙo ɗaya kamar mai talla.

Sauran suna can da sunan baƙo. Nakan buɗe su bayan la'asar, in karanta, in faɗi sunansa da bakina. Allah Ya jiƙansa.