Shekarar da Gawo Ya Yi Ganye da Marka

Gawo goma sha bakwai ne a gonar, da kaina na ƙirga su tun da rani. Abu biyu na saya a hannun mai gonar, wani dattijo Bamaguje a bayan Gozaki: noman ƙarƙashin itatuwan na damina ɗaya, da 'ya'yan da za su zubar in rani ya zagayo. Masara zan shuka, 'ya'yan gawon kuma in kai Malumfashi in sayar wa masu kiwon raguna. Taki kaɗan na saya, don ƙasar gindin gawo ba ta cin taki. Kusan duk jarina na shekarar a nan na zuba shi.

Lissafin ba na ganganci ba ne. Kowane itace da damina yake ado, ban da gawo. Ruwa na sauka zai kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar busasshe, rana ta sami shuka, ganyen da ya zuba ya ciyar da ita. Sai da kaka yake tofowa, ya yi fure, ƙudan zuma su rufe shi. Tun ina dako a kasuwa haka na san shi.

Shuka da noma 'yan ƙwadago na tura, ni ina Funtuwa ina fama da shago. Sai tsakiyar marka na hau babur na je. Daga nesa na hango duhun itatuwa kore shar, na ce na ɓata hanya. Na matsa, ga rafin, ga gidan dattijon. Na kashe babur na yi salati. Gawo ne, cike da ganye, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Masarar da ke ƙasa ta yi tsawo siririya, ta yi fari kamar mai jinya.

Na sami dattijon a ƙofar gida.

"Baba, me nake gani haka?"

"Abin da nake gani, Alhaji. Tun da suka tofo ban taka gonar ba."

"Gonarka ce fa."

"Bana taka ce. Kai mai carbi ka shiga."

Dariya yake, amma idonsa ba ya dariya. Ya ce ko a bakin kakansa bai taɓa jin haka ba, iskokin da ke zaune a itatuwan ne aka ɓata wa rai. Ni ban yarda da wannan ba, amma ranar ban shiga gonar ba.

Washegari na ɗauko wani malamin daji, wanda muke zaman hira da shi a ƙofar shagona. Aikinsa ke nan, yawo cikin itatuwa rani da damina. Bai ko kalli ganyen ba. Ya tambayi dattijon ko shamuwa ta yi sheƙa a kansu bana. Dattijon ya ce ta zo gabanin ruwa kamar kullum, ta yi ta shawagi, ta wuce.

"To ba ta sami inda za ta ɗora ba ne," in ji malamin. Ya ja ni gindin guda ya nuna sama. A cikin ganyen sai ga dungulmin rassa, saran gatari, kowanne ya fitar da tofo.

"An datse su da bazara, dab da saukar ruwa. Gawo in aka aske shi a makare, rikicewa yake, ya fito da sabon ganye ya riƙe shi har cikin damina." Ya juyo wurina. "Alhaji, masarar ma da sauƙi. Sabon reshe ba ya fure bana. 'Ya'ya sai ka jira shekara biyu ko uku."

Na zauna kan kunyar masara cikin laka.

Ba a sha wuyar gano masu saran ba. 'Ya'yan dattijon ne. Harawa ta ƙare musu da bazara, shanun huɗa sun rame, shi kuma yana kwance ba lafiya, suka hau da gatari. Babban ya ce da ni, kansa a ƙasa, "Alhaji, 'ya'ya ka saya, ba mu ji an ambaci rassa ba." Gaskiyarsa ce, ba a ambata ba.

Dattijon ya dube su ya girgiza kai. "Da iskoki ne, na san abin da zan yanka musu. Waɗannan kuwa me zan yi da su?"

Da muka zagaya muka ga sha ɗaya aka sara. Shida na bakin rafi suna nan tsirara yadda ya kamata, don akwai amya a kansu, samarin sun ji tsoron harbin zuma.

Da kaka masarar ta ba ni kamar rabin abin da na sa rai, mafi yawa daga gindin shidan nan. 'Ya'yan gawo ma su kaɗai suka zubar, ba su isa in riƙe masu sayena ba, biyu suka koma wurin wani dillali har yau. Dattijon ya ƙara mini damina ɗaya kyauta, da sharaɗin ba za a sake taɓa rassa ba, a bakin shaidu. Jarina bai dawo ba sai a shekara ta uku, riba kuwa babu.