Ƙanzon da Ya Kwana a Tukunya

Jiya gab da magariba, an kwashe tuwo ke nan, ina zaune a tsakar gida ina fama da wata tsohuwar rediyo, sai na ji ƙarar cokali a gindin tukunya daga madafa. Ɗana ne, mai shekara takwas, ya tsuguna yana kankarar ƙanzo. Uwarsa ta ɗaga murya za ta kore shi, na ce ta ƙyale shi. Ta dube ni kamar ta ga baƙo, don ta san ni da faɗa a kan lanƙwasa cokula. Ban yi mata dogon bayani ba. Ku ne zan yi wa, in kuna da haƙurin saurare.

Ni ma na yi wannan sana'ar ta kankara. A unguwar Birni na tashi, a Damagaram, cikin wani gidan ƙasa da ya jingina da duwatsun nan da kowane ɗan garin ya taɓa goge gwiwa a kansu. Gidan yawa ne: Baba mai sayar da fatu, da ƙannensa biyu da iyalansu, sai Kaka, mahaifiyar Baba, Babarbariya mai tsage a fuska, wadda in ranta ya ɓaci Hausa ke guje mata ta koma Barbarci. Mu yara maza shida ne, kwano ɗaya ake zuba mana mu kewaye shi a kan tabarma. Ni nake fara sa hannu, ni kuma nake fara tashi, ba don na ƙoshi ba, sai don in riga kowa zuwa tukunya. Ƙanzo nawa ne, duk gidan an sani. Kaka tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, da ta ji cokali ya fara kuka sai ta ce, "To, maigidana ya fita aiki. Ka dai bar wa tukunyar gindi, ita kaɗai gare mu."

Ban san zama ba. A aike ni sayen gishiri, in dawo bayan awa biyu da ƙadangare a aljihu, gishiri kuwa na manta da shi tun a zaure. Wata bazara, lokacin da ruwa ya fi komai daraja a garinmu, na fasa tulun da Inna ta yi layin safiya guda kafin ta cika shi, kuma wallahi ban san yadda aka yi ba. A lekol, wato makarantar boko, abin ya fi muni. Mushe, wato malaminmu, yana magana a gaban allo, ni kuwa kamar an zaunar da ni tsakiyar kasuwa kowa na kiran sunana: tsuntsu a taga, takalmin na kusa da ni, kukan jaki a bayan katanga. Na sha bulala, na sha rubutu har leɓena ya yi baƙi. Ƙiriniya ce, in ji wasu. Wasu suka ce iska. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kullum da safe sai na yi wa kaina alkawarin yau zan zama yaron kirki, kuma kullum kafin hantsi na karya shi. Wannan ya fi bulalar ciwo.

Ina shekara tara darektan lekol ya kira Baba, ya ce in na sake maimaita aji to sai dai a nema mini wata hanya. Baba bai yi karatun lekol ba, kuma duk burinsa a kaina ya tara shi. Ranar bai doke ni ba, bai kuma ci abinci ba.

Kawu, yayan Inna, yana aikin jinya a Yamai. Da ya zo hutun Sallah ya kwana uku yana kallona, sannan ya ce wa Baba a kai ni wurin wani lokotoro, wato likitan yara, da ya sani. Muka shiga bas da asuba. Kafin mu kai Takieta na yi wa Baba tambayoyin da suka sa na kusa da mu ya sauya kujera. Lokotoron ya daɗe yana tambayar Baba, ya auna nauyina da tsawona, ya saurari ƙirjina, ya tambaya ko akwai mai ciwon zuciya a zuri'armu. Sannan ya rubuta haruffa huɗu a takarda, TDAH, ya ce ba rashin kunya ba ne, ba aljanu ba ne, hankalin ne ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ya rubuta wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi, ɗaya kowace safiya.

"Amma ka saurare ni, malam," in ji shi. "Maganin nan yana ɗauke cin abinci. Yana iya hana barci, yana iya sa zuciya gudu. Ku sa masa ido, ku riƙa auna shi kowane wata, bayan wata uku ku dawo mini da shi."

Baba ya ce to, in sha Allahu. Amma na san Baba. Daga inda aka ce yaro zai iya zama a aji, sauran maganar iska ta kwashe ta.

Ba zan ci amanar maganin ba, ya yi aiki. Mako na farko na ji mushe ya fara magana ya kai ƙarshenta, ni kuma ina tare da shi tun daga farko. Na karanta shafi guda cur ban ɗaga kai ba. Na dawo gida da gishiri. Kasuwar nan da ke cikin kaina ta watse, aka bar ni da mutum ɗaya yana yi mini magana, kuma daɗin wannan ba ya misaltuwa ga wanda bai taɓa rasa shi ba.

Sai dai da rana in na dawo, ƙanshin miya ba ya ce mini komai. Bakina a bushe, loma kamar auduga, in tauna in tauna ta ƙi wucewa. Kaina yana sarawa, wani lokaci cikina ya murɗa. In na ɗan yi gudu sai in ji ƙirjina yana dukan tara-tara. Da yamma kuma, sa'ad da ƙarfin ƙwayar ke sakina, sai wani baƙin ciki ya rufe ni ba gaira ba dalili, in ɓuya bayan rumbu in yi ta kuka. Ƴan'uwana su yi barci su bar ni ido biyu. Ban faɗa wa kowa ba. A karo na farko a rayuwata an yi wata guda ba a daka mini tsawa ba, ina tsoron in na buɗe baki a karɓe maganin, bulala ta dawo.

Gida kuwa sai murna. "Ya yi hankali," haka ake ta faɗa, har maƙwabta na shigowa su ga yaron da a da ake ɓoye tulu saboda shi yana zaune shiru a gindin bango. Kowace Juma'a Kawu yana bugo waya ya tambaya, "Yana cin abinci?" Inna ta ce, "Kwano tas yake dawowa, yaya." Ba ƙarya ta yi ba. Kwanon tas yake dawowa, don akwai hannaye biyar da suka ji daɗin samun fili. Ni ina zama a wurina, in gutsura sau ɗaya sau biyu, in riƙa juya hannu a miya har a gama. A gidanmu ba a taɓa sanin abin da yaro ɗaya ya ci ba. Abin da yara suka ci aka sani. Awo kuma sau ɗaya aka kai ni asibitin unguwa, aka tarar da dogon layi, aka ce sai wani jiƙon. Wata uku suka cika, makina ya yi sama, Baba ya ce ba zai ɗauki yaro lafiyayye ya yi yini guda a mota ba. Kawu ya kai wa lokotoro labarin cewa komai lafiya, aka ci gaba da aiko da magani ta hannun direba.

Kaka ce kaɗai ba ta shiga murnar ba. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta ji. Wata safiya ta ga Inna tana jiƙa ƙanzo za ta zuba wa awaki, sai ta ce, "Ni kam yau kwana nawa ban ji maigidana ya fita aiki ba?" Ta kira ni, ta kama damtsena. Kambun da ta ɗaura mini da hannunta, wanda a da yake matse ni, ya zamo har gwiwar hannu. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci. Ta daɗe tana riƙe da hannun nan nawa.

Ta yi wa Baba magana, ya yi dariya. "Haba Iya, yaro ya natsu kuma ki ce ba shi da lafiya? Da can kin fi son ya riƙa fasa mana tuluna?"

"Na fi so," in ji ta. "Tulu ana sake wani."

Da ta ga ba a ɗauki maganarta ba, sai ta yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ta ce daga ranar a riƙa zuba nawa daban a kai ɗakinta, wai mijinta ne, da ita zai ci. Matan gida suka yi ta gunaguni, sun ce za ta koya mini rowa da shagwaɓa, yaro namiji ya ci shi kaɗai kamar mai jinya. Ta toshe kunnenta. Ba ta matsa mini ba, ba ta lallashe ni ba, sai dai in na ture kwano ta ɗauke ta rufe da faifai. Ashe da safe fitar da malmalar take yi ta shanya a rana. Bazara ce, kafin azahar ta ƙame kamar dutse.

Rana ta huɗu Baba ya dawo daga kasuwa ya zauna zai yi alwala, sai ta zo ta ajiye faifai a gabansa. Malmala uku ne busassu, kowace da ɗan gurbin yatsu a gefe, wata gurbi biyu, wata gurbi uku, rana ta busar da su yadda na bar su.

"Ga tuwon ɗanka na kwana uku," ta ce. "Na rana ko buɗewa ba ya yi. Kai da ka iya lissafin fatu, ƙirga mini yatsun nan."

Baba ya dubi faifan, ya dube ni. Ya ajiye buta, ya taso ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni sama, abin da rabonsa da yi tun ina ɗan yaye. Na ga fuskarsa ta sauya, don ya sa ƙarfin ɗaukar yaro ɗan shekara tara, sai ya ji hannunsa ya tafi babu nauyi. Ya sauke ni a hankali.

"Me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kar a daina ba ni, ku koma dukana."

Ya fita zaure ya daɗe, muna jin yana fyace hanci, har aka kira salla ba a ga ya dawo ya ɗauki butarsa ba.

Kaka ta so a watsa ƙwayoyin a masai tun a ranar. Ni da kaina na roƙe ta kada ta yi, don na ɗanɗani karatu kuma ba na son a mayar da ni kasuwar nan. Bayan kwana biyu muka sake shiga bas. Da lokotoro ya ɗora ni a sikeli ya ga na ragu da yawa a kan awon farko, ransa ya ɓaci, ya ce ai ya ce a sa ido. Baba ya sunkuyar da kai ya ba shi labarin kwanonmu na mutum shida. Lokotoron ya ce shi ma da laifinsa, ya tambayi ko ina ci, bai tambayi yadda muke ci ba. Ya rage ƙarfin maganin, ya ce kada a ba ni sai na cika cikina da safe, a ajiye mini abinci mai nauyi da yamma lokacin da yunwa ke dawowa, a kuma huta da shi lokacin bakans, wato babban hutun lekol.

Kaka ta karɓi aikin. Da asuba ta dama kunun gyaɗa mai kauri, ta haɗa da ɗumame, ta tsaya a kaina sai na ga gindin kwano kafin ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙwayar. Kowane sabon wata ta ja ni kasuwa wurin wani mai awon gyaɗa, a ɗora ni a sikeli tsakanin buhuna, mutane na dariya. Ba ta iya karatu ba, amma sai an rubuta mata lambar a takarda ta adana a ƙasan adudu.

Da damina ta faɗi aka yi bakans, muka tafi gona a Hamdara ni da ita. Kwana shida da ajiye maganin, wata yamma an kwashe tuwo, ban san sa'ad da na tsinci kaina a gaban tukunya da cokali ba. Ina cikin kankara na ji muryarta a bayana. "To, maigidana ya koma aiki." Na waiga na ga tana share ido da bakin mayafi, ta kuwa zazzage ni da Barbarci don na gan ta.

Na ƙara shekara biyu ina shan maganin a haka, na gama lekol, na koyi gyaran kayan wuta, da shi nake ci da iyalina. Cikinmu shida ni ne gajere. Inna har gobe tana cewa watannin nan ne suka cinye mini tsawo. Ni ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Kaka ta rasu ina saurayi. Da aka buɗe adudunta an samu takardun awon nan a ɗaure da zare, ba ko ɗaya da ta ɓata.

Yanzu gidaje sun ƙanƙance, kowane yaro da farantinsa, amma idon manya yana kan waya, faranti ya koma madafa a cike ba wanda ya lura. Ni ma ban fi ƙarfin wannan ba. Ɗan nan nawa ya ɗauko ni sak, mushensa ya kira ni sau uku a shekarar nan, kuma wata guda ke nan da lokotoro ya ɗora shi a kan irin ƙwayar da na sha. Na yarda, don na san abin da ta ba ni. Na kuma san abin da take karɓa ba tare da ta yi sallama ba, kuma na san yaro zai iya ɓoyewa don kawai a ci gaba da ce masa yaron kirki.

Shi ya sa jiya na ce wa uwarsa ta bar shi ya huda tukunyar in ya ga dama. Na ce ranar da aka kwashe tuwo ba ta ji wannan ƙarar ba, ranar ce za ta kira ni, ko ina tsakiyar aiki.