Kilo Biyun Kaka

Da hantsin Talata, tara ga watan Yuni, jikata Kozue ta faɗo ɗaki ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Kaka, Malam Kuwabara ya rasu." Zuciya ce ta tsaya, yana shagonsa yana manna ledar fiffiken jirgin samansa.

Malam, ka tafi ba a raba rigimarmu ba.

Shekara talatin kana bin wuraren tseren keke, kana neman yara marasa nauyi masu ƙarfin ƙafa da za su murza feda su ɗaga jirginka sama a kan tafkin Biwa. Babu inji, sai cinya. Ranar da ka zo neman Kozue na ce, "Kai tsoho, tsuntsun da bai ƙoshi ba ne zai tashi?" Ka yi dariya har tabarau ya zame, ka ce, "Uwargida, nauyinta kilo arba'in da shida nake so. Ko cokali kar ki ƙara."

Na ƙara. Kana ɗora ta a sikeli, ina cusa mata dunƙulen shinkafa a jaka, ina ganin na yi maka wayo. Sai wajen makoki matarka Fusae ta nuna min zanen jirgin. Tun farko ka faɗaɗa fiffiken don ya ɗauki ƙarin nauyi, ka rubuta a gefe, "Kilo biyun Kaka." Ashe ni aka yi wa.

Amma ba wannan ke ci min rai ba. Jirgin nan, komai nisan da ya yi, a ruwa yake ƙarewa. Kai ke bin sa a kwale-kwale, kai ke tsunduma da almakashi ka farke ledar jirgin, ka jawo matuƙi kafin ya shaƙi ruwa. Yara goma sha tara, ba ka rasa ko ɗaya ba. Saura mako bakwai Kozue ta tashi, ta kuma rantse ba fashi. Ɗaliban da ke taya ka aiki sun iya lissafi, amma lissafi ba ya ciro mutum daga ruwa.

Fusae ta ba ni almakashin. Na kai wa Genzo masunci, wanda babu kamarsa a nutso duk gaɓar nan. Zan zauna a kwale-kwalensa, ni da ban iya iyo ba, in yi ta zaginsa har ya fito min da ita. Shinkafa kuwa, a iyakar da ka ba ni na tsaya. Ko cokali ba zan ƙara ba.

Allah ya sa ka huta, ya yafe maka, ya ba Fusae da 'ya'yanku haƙuri. In ana iya leƙo tafki daga can, Malam, ranar ka leƙo.

Umeno Tachibana, Hikone