Yadda Zulu Ya Koma Ƙarshen Layi

Mutinta ba mai surutu ba ce. Teburinta na kusa da nawa a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Lusaka, kullum da rana ta buɗe kwanon nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan kifi, ta ci tana kallon allon kwamfuta. Ita ke riƙe da manhajar layin marasa lafiya ta wani asibitin unguwa: wanda ya riga zuwa shi zai riga ganin likita.

Wata Litinin aka ce ta ƙara rahoton sunayen masu jira. Maigidanmu, Bwana Chisanga, yana da wani fankishin da ya rubuta tun da daɗewa, ɗan guntun shiri da ake miƙa wa jerin sunaye ya buga su.

"Yi amfani da nawa, 'yata," in ji shi. "Kada ki ɓata lokaci kina ƙirƙiro abin da ke akwai."

Ta miƙa wa fankishin ɗin jerin. To, a sana'armu idan ka miƙa jeri, ba kwafi ka bayar ba, makullin ɗakinka ka bayar. Mai mutunci ya duba ya fita. Na Chisanga kuwa sai da ya sake jera sunayen bisa haruffa a cikin ainihin jerin, kuma ko kalma ɗaya ta gargaɗi bai rubuta a kai ba.

Washegari asibiti ya rikice. Duk mai suna Banda, ko yanzu ya sauko daga bas, sai a kira shi. Wani tsoho mai suna Zulu da ya zo tun safe ya zauna har yamma, ya yanke jiki ya faɗi a kan benci.

Kafin a tashi aiki Mutinta ta gano matsalar, ta gyara da layi ɗaya na rubutun manhajar. Amma a taro Chisanga ya haska allo. Manhajarmu tana nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ga sunanta nan ɓaro-ɓaro a layin da ya miƙa jerin.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ai fankishinka ne ya taɓa kayan mutane."

"Kai, zauna! Nawa ya shekara yana aiki lafiya. Wa ya miƙa masa jerin? Ni?"

"Kai ka ce in miƙa, Bwana," in ji Mutinta a hankali.

"Da na ce ki faɗa rijiya, sai ki faɗa?"

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Laifi tudu ne, mutumin nan ya take nasa ya hango na wata. Asibiti na son a hukunta wani, shi kuma ya zaɓi wadda ba ta iya ɗaga murya.

Ranar Juma'a aka sallame ta. Yanzu tana taya yayarta sayar da gwanjo a kasuwa, don duk inda ta nemi aiki, Chisanga ake bugawa waya a tambayi halinta. Gyaran nata yana nan yana aiki a asibitin. Chisanga ya goge shi ya sake rubutawa da hannunsa, harafi da harafi, don sunansa ya fito a kai.